Me ya sa ruwan randa yake sanyi, ba wuta ba ƙanƙara?

Maman Sadiya:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce daga bakin yara 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare, ina neman wanda zai warware ta yadda yaro zai gane. Me ya sa ruwan randa yake sanyi alhali ba a jona ta da wuta ba, ba a kuma jefa mata ƙanƙara ba, amma ruwan jarka ko bokitin roba da ke kusa da ita yana nan da ɗuminsa? Daga ina sanyin yake shigowa? Sun kuma lura randa ta fi sanyi da bazara da hunturu a kan tsakiyar damina, kuma tsohuwar randa ba ta kai sabuwa ba. In akwai gwajin da za su yi da hannunsu da kayan gida, a taimaka mana da shi dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Allah ya yi wa yaran nan albarka, tambayar masu lura ce. Abu na farko da za ki gyara musu shi ne kalmar "shigowa". Sanyi ba ya shigowa randa daga ko'ina. Zafi ne yake fita, abin da ya rage bayan fitarsa shi muke kira sanyi. In suka riƙe wannan, sauran mai sauƙi ne.

Ki ce su shafa bayan randar da ke cike da ruwa. Za su ji danshi, wani lokaci har su ga tana naso. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana bin su sannu a hankali har ya fito waje, kamar yadda kananzir yake hawa lagwanin fitila. Da ya fito sai iska ta ɗauke shi, ya zama tururin da ba a gani. To ruwa ba ya zama tururi kyauta, sai ya sami zafi. A tukunyar da ke kan murhu, wuta ce take ba shi. A jikin randa babu wuta, don haka sai ya zari zafin daga jikin randar, jikin randar kuma ya zara daga ruwan da ke ciki. Duk ɗigon da ya tafi, ya tafi da ɗan zafi. Jarka da bokitin roba ba su da ƙofar da ruwa zai bi, shi ya sa ruwansu yake zama daidai da zafin ɗakin.

'Yan aji shida za su iya lissafin da kansu. Kafin giram 1 na ruwa ya bi iska a irin zafin da muke da shi, sai ya ɗauki kimanin kalori 580 na zafi. Kalori 1 kuwa shi ne zafin da ke ɗaga giram 1 na ruwa da digiri 1 a ma'aunin Selshiyos. Randa mai cin lita 20 tana ɗauke da giram 20,000. In ana so ruwanta ya sauka da digiri 5, sai an cire kalori 100,000. A raba da 580, a sami kimanin giram 170, wato kusan cikin gwangwanin madarar ruwa guda. Ɗan wannan ruwan da ya tsere ya isa ya sanyaya lita 20 gaba ɗaya. A zahiri randa tana rasa fiye da haka, domin iskar ɗaki tana ta mayar mata da zafi ita kuma tana ta fitarwa, dole ta ci gaba da naso dare da rana. Abin da ya sa ke nan ake tarar da ruwan ya ragu da safe ko ba wanda ya ɗiba.

Jikinsu ma haka yake yi. Zufa ta fito, iska ta busar da ita, fata ta yi sanyi. Kare ba shi da hanyoyin zufa masu yawa a fatarsa, shi ya sa yake zaro harshe yana haki, yana busar da yawun bakinsa.

Batun damina da rani kuwa, a ɗauki iska tamkar tsumman goge ruwa. Busasshen tsumma yana shan ruwa da yawa, jiƙaƙƙe kuwa ba shi da wurin ƙari. A watan Maris da Afrilu a Kano ko Maraɗi, zafi yakan kai digiri 40, laimar iska kuma, wato danshin da iska take ɗauke da shi, ta sauka zuwa kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka. A irin wannan rana, iyakar sanyin da busar ruwa za ta iya kawowa shi ne kimanin digiri 21. Randa ba ta kaiwa can daidai, amma tazarar da take da ita babba ce. A watan Agusta, in zafi yana digiri 30 laima kuma kashi 80, iyakar ba ta wuce digiri 27 ba. Digiri 3 kacal, kuma randar ba za ta cinye su duka ba. Ita ce dai randar, iskar ce ta ƙoshi. Wannan ne dalilin da shanya take kwana ba ta bushe ba da damina, kuma mutum yake jiƙewa da zufa bai ji sauƙi ba. Da hunturu abu biyu ne suke haɗuwa, iska a bushe ga kuma sanyin gari, sai ruwan randa ya riƙa kama haƙori.

Baba Tanko:

Malam Habu ya gama magana a kan iska, bari in ɗora a kan ita randar, domin tambayar tsohuwa da sabuwa a nan amsarta take.

Ƙofofin nan tun wajen gini ake samar da su. Yumɓu zalla ba ya ginuwa ya gasu lafiya, tsagewa yake yi. Sai an cuɗa shi da dakakken tsingaro ko yashi mai laushi, a wurare da yawa kuma har da ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki. Idan aka gasa, ƙaiƙayin da kashin sukan ƙone ƙurmus su bar gurabensu, waɗannan guraben suna daga cikin hanyoyin da ruwa yake bi. Gashin da ake yi a fili da itace da kara da ciyawa zafinsa yana tsakanin digiri 600 zuwa 900. Wannan ya isa ya mayar da yumɓu abin da ruwa ba zai sake narkarwa ba, amma bai isa ya narkar da ƙwayoyin ƙasar su manne su toshe ƙofofin ba. Tangaran kuwa ana gasa shi a digiri 1,200 zuwa sama, ga kuma ruwan gilashi da ake shafa masa, shi ya sa kofin tangaran ba ya naso kuma ba ya sanyaya komai.

Magina sun san bambancin tun da daɗewa. Tukunyar girki ana goge ta da dutse mai santsi kafin gashi, a wasu wuraren kuma a yayyafa mata ruwan makuba tana da zafi, don jikinta ya toshe. Randar ruwan sha ba a son a toshe ta haka, ana bar mata jikinta ya riƙa numfashi.

Abubuwan da suke kashe sanyin randa su ne waɗannan. Na farko tsufa: laka da ke cikin ruwa, da gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse, da gansakuka, duk suna taruwa a cikin ƙofofin. Ruwa yana bin iska, gishirinsa ba ya bi, a nan jikin randar yake zama. Farin abin nan kamar kanwa da ake gani a bayan tsohuwar randa shi ne. A juye ruwan, a goge ciki da waje da soso mai kaushi ko burushi da ruwa zalla, a shanya ta a rana ta bushe ƙarau, za ta ɗan dawo. In ta shekara biyu ko uku ta daina naso gaba ɗaya, a mayar da ita ta ajiyar hatsi a sayi wata. Na biyu fenti. Abin yana ba ni takaici in ga an shafe randa da fentin mai don ado, ko an yaɓe ta da siminti wai don kar ta jiƙa ɗaki. An mayar da ita jarka ke nan. In tsagewa ta yi, a liƙe wurin tsagar kaɗai. Na uku sabulu da omo: suna shiga ƙofofin su ƙi fita, ruwan ya yi ta ɗanɗanonsu kwanaki. Na huɗu mazauni. Randar da aka cusa a lungu, bango ta nan buhu ta can, iskar da ke kewaye da ita takan ƙoshi da laima ta tsaya cik. A sa ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a bar aƙalla taƙi guda tsakaninta da bango. Wasu suna cewa a sa ta a rana don ta fi saurin bushewa. Kuskure ne, zafin da rana ke zuba mata ya fi wanda take fitarwa. Girke ta a kan jiƙaƙƙen yashi yana da kyau, yana riƙe ta kar ta faɗi, yana shanye abin da ya ɗiga, shi ma yashin yana sanyi.

Wajen saye, a ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara tas, mai ɓoyayyar tsaga ko wadda ba ta gasu ba muryarta a dushe take. Sabuwa a cika ta a zubar sau biyu ko uku cikin kwana biyu kafin a fara sha. A kwanakin farko nasonta yakan yi yawa, sannan ya daidaita. In bayan mako guda ruwa yana ɗiga ɗis-ɗis har yana kwanciya a ƙasa, wannan yoyo ne. Ruwan da ya zuba ƙasa bai ɗauki zafin komai ba, wanda ya bushe a jikin randar shi ne mai aiki.

Malama Binta:

Maman Sadiya, ga gwaji uku daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya. Kar ki faɗa musu sakamako, ki sa kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru kafin a fara.

Na farko ba ya buƙatar komai. Kowane yaro ya jiƙa bayan hannu ɗaya da ruwan da ya kwana a jarka, ya bar ɗayan a bushe, a yi wa hannayen fifita da mafici tare. Iska ɗaya ce, amma jiƙaƙƙen ne zai ji sanyi. Da ya bushe sanyin zai ɗauke, a nan za ki tambaye su dalili.

Na biyu, a sami robar ruwa biyu iri ɗaya masu cin rabin lita, da safa biyu na auduga. A cika robobin daga jarka ɗaya, a rufe, a zura kowace a cikin safa. A jiƙa safa ɗaya sharkaf, ɗayar a bar ta. A rataye su a inuwa wuri ɗaya inda iska ke kaɗawa, da tazarar kamu ɗaya a tsakaninsu. Duk bayan minti 15 a auna zafin ruwan a rubuta, a kuma sake jiƙa safar in ta fara bushewa, da ruwan jarkar nan dai. Cikin awa ɗaya zuwa biyu da rani za a ga bambancin digiri da dama, ko da baki aka ɗanɗana za a ji. Wannan ita ce dabarar direbobi masu ɗinke galan da buhu suna jiƙa shi, ita ce kuma ta salkar matafiya, wadda fatarta take naso kaɗan-kaɗan.

Na uku shi ne ya fi amsa tambayar kai tsaye. A sami ƙananan tuluna biyu masu girma ɗaya, a jiƙa su su kwana da ruwa tukuna, domin busasshen tulu yana shanye ruwa da yawa ya ɓata lissafi. Washegari a juye, a zuba wa kowanne lita 2 daidai. A saka ɗaya cikin babbar leda a ɗaure a wuya, a rufe bakunan biyu da murfi iri ɗaya. Bayan awa 6 a auna zafi, sannan a juye ruwan kowanne a auna yawansa. Na cikin leda zai riƙe kusan duk ruwansa, ɗan abin da ya fito yana nan kwance cikin ledar, kuma bai yi sanyi ba. Ɗayan ruwansa ya ragu kuma ya yi sanyi. Ƙasa ɗaya, gini ɗaya, leda kawai ta raba su, sai yaro ya gane da kansa cewa ƙasar ba ita take ba da sanyin ba.

Inda gwajin yake lalacewa: ma'aunin zazzaɓi na asibiti ba zai yi ba, domin yawancinsu daga wajen digiri 32 zuwa 42 kawai suke karantawa, ruwan kuma zai sauka ƙasa da haka. A nemi na ɗakin gwajin makaranta mai jan ruwa a ciki, ko na kicin mai batir. Mai ruwan azurfa a ciki kada a ba yara, in ya fashe guba ne. A bar ma'aunin minti ɗaya cikin ruwan kafin a karanta, kuma a karanta yana ciki, don da an zaro shi jiƙe shi ma zai fara sanyaya kansa. Safar nailan ba ta riƙe ruwa, sai ta auduga. Kada a jiƙa safar da ruwan firji, an saka sanyi daga waje ke nan. In ranar hadari aka yi gwajin bambancin zai fito ɗan kaɗan, kuma wannan ma sakamako ne: a ajiye takardar, a maimaita a watan Janairu ko Maris, a kwatanta.

Sani Damagaram:

In yaran suna son tarihi, a ciro musu takardar naira 20 su juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko da ta shiga. A can ta ci gaba da gina tulunanta da hannu da zanen ƙadangare da kifi da kunama, amma aka riƙa shafa musu ruwan gilashi ana gasa su da wuta mai tsanani. Sun yi kyau har aka baje su a Landan, sai dai sun yi nauyi kuma ba sa naso, don haka ba sa sanyaya ruwa kamar na gargajiya. Maganar Baba Tanko ce dai ta fito a nan. Ta rasu a 1984.

Ginin tukwane daɗaɗɗe ne ƙwarai a yankinmu. A Unjugu da ke ƙasar Dogon a Mali an tono tsingaron da ya haura shekara 11,000, yana cikin mafi tsufa da aka samu a Afirka. Har yau Mirriya kusa da Zinder ta yi suna da tukwane da tuluna. Dabarar sanyaya ruwa da tulu kuma ba mu kaɗai ke da ita ba, duk inda zafi ya haɗu da busasshiyar iska za ka same ta. A Sudan babbar randar ana ce mata zir, ana jera su a bakin hanya don masu wucewa. A Masar akwai ƙulla, a Indiya matka, a Sifen kuma botiho, mai hannu a sama da ɗan bututun sha.

Wanda ya kamata kowane yaro a Arewa ya san sunansa shi ne Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan miya a ƙauyukan da ba lantarki, ya sa magina suka gina dubbai ya raba. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki. A gwajin da ya yi, yalo ya kai kwana 27 maimakon 3, tumatir da tattasai suka kai mako uku, alayyaho kuma kwana 12. Abin da ya fi damunsa shi ne 'yan mata masu talla kullum don kar kaya su ruɓe. In kayan za su jira ranar kasuwa, yarinya ta sami damar zuwa makaranta. Ya rasu a 2010.

Yara za su iya haɗa ƙarama. Tukwane biyu masu faɗin baki, ɗaya ta shige cikin ɗaya a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku ko'ina. Ta wajen dole ta zama mai naso, ba fenti ba makuba. In akwai huji a gindi a toshe. A tankaɗe yashin kogi a wanke shi, domin mai laka yana toshe ƙofofi. A zuba shi a gindin babbar har bakin ƙaramar ya zo daidai da na babbar, a daidaita ta a tsakiya, a cike gefe da yashi. Sai a zuba ruwa a hankali har yashin ya sha ya ƙoshi, amma kada ya kwanta a sama, in ya yi yawa tukunyar ciki takan taso. A rufe da murfi, a lulluɓa jiƙaƙƙen buhu ko tawul, a ɗora a kan duwatsu uku a inuwa don iska ta bi ta ƙasa. A ba ta awa 12 ta huce kafin a saka kaya, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, kuɓewa, karas da ganye suna zama lafiya. Albasa da tafarnuwa ba sa shiga, su bushewa suke so, laima tana sa su tsiro ko su ruɓe. A ware nunannen tumatir da ayaba da mangwaro daga ganye, domin suna fitar da wata iska da ke sa ganye ya yi rawaya da wuri. A duba kullum a cire wanda ya fara lalacewa. Wannan shi ne firjin da ba ya jiran wuta.

Hajiya Asabe:

Malam Sani, bayaninka ya yi, amma kalmar firji ina so a yi hattara da ita a gaban yara. Firji yana riƙe abinci a digiri 5 ko ƙasa. Tukunya cikin tukunya, ko a rana mafi bushewa ta bazara, da wuya ta sauka ƙasa da digiri 20, kuma a wannan zafin ƙwayoyin cuta suna hayayyafa sosai. Tana hana kayan lambu yaushi ne saboda sanyi-sanyi da danshi. Nama, kifi, madara da sauran dafaffen abinci ba wurinsu ba ne.

Haka kuma a faɗa musu ƙarara cewa randa tana sanyaya ruwa, ba ta kashe cuta. Laka takan kwanta ruwan ya yi garau, amma ƙwayar kwalara ko taifot tana iya zama cikin ruwa mai haske da sanyi. In ana shakkar ruwa a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ya huce, sannan a juye a randa. In maganin kulorin za a sa, a bi adadin da aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Yawancin ƙazantar ma a gida take shiga, ta hanyar moɗa da hannu. Moɗar ɗiba ta zama mai dogon mariƙi, a rataye ta, kada a sha da ita, a zuba a kofi. Murfi ya rufe ruf, faifan da ya ɓule ba murfi ba ne. Sauron da ke kawo shawara da zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta na cikin gida yake ƙwai, yana manna su a jikin randa daidai saman ruwa, kuma daga ƙwai zuwa sauro kwana 7 zuwa 10 ne. Don haka a juye randa a goge cikinta sau ɗaya a mako, ɗauraya kaɗai ba ta ɓamɓare ƙwan. Babbar randa ko kwatarniya kuma kada a bar ta buɗe inda mai rarrafe ko mai tatata yake.

Maman Sadiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. An yi gwajin safa kuma ya fito. Sai dai wata yarinya ta kawo sabuwa: robar lemo da aka ciro daga firji ita ma tana zufa, alhali an ce roba ba ta da ƙofofi. Ta ina ruwan ya fito?

Malam Habu:

Ki gaishe min da wannan yarinya, ta kama abin da manya da yawa suke ruɗewa a kai. Ruwan da ke bayan robar daga iska ya sauko, bai fito daga ciki ba. Iska mai ɗumi tana iya riƙe tururi da yawa, mai sanyi kaɗan take riƙewa. Idan iskar ɗaki ta taɓa jikin roba mai sanyi sai ta huce, ta kasa riƙe abin da ta ɗauko, ta sauke shi ɗigo-ɗigo. Haka raɓa take sauka a kan ciyawa da asuba.

Ta tabbatar da kanta ta hanya biyu. A zuba zoɓo mai sanyi a roba, a rufe, a goge bayanta tas, a ajiye minti 10, sannan a shafa farin ƙyalle. Ƙyallen zai jiƙe amma ba zai yi ja ba, ɗigon kuma ba shi da zaƙi. Ko a saka kofin gilashi wanda ba komai a cikinsa a firji na awa ɗaya a fito da shi, zai yi zufa alhali babu ruwan da zai yoyo.

Aikin biyun kishiyoyin juna ne. A jikin randa ruwa yana barin wurin ya shiga iska, ya tafi da zafi, abin ciki ya yi sanyi. A jikin robar lemo tururi yana barin iska ya zauna, ya sauke zafin da yake ɗauke da shi, kalori 580 ɗin nan a kowane giram, lemon ya yi saurin ɗumi. Ki sa ta lura da lokacin shekara ma: robar firji ta fi jiƙewa a watan Agusta, lokacin da randa take kasa sanyi, da tsakiyar hunturu kuwa za a iya ciro ta a ajiye ta daɗe ba ta yi wata zufar kirki ba.